Na Ci Wasa, Aka Ce Waya Ce Ta Ci

Edita, bayan sallama, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba zan kama sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma har yau muna gaisawa sama-sama idan hanya ta haɗa mu. Lokacin da abin ya faru na ɗan haura shekara arba'in, ina aiki a ofishin wani kamfanin rarraba kaya a Idu cikin Abuja, ina zaune da iyalina a Kubwa. Ni ba mai kallon ƙwallo ba ne, ba ni da majalisar hira, ba na shiga harkar siyasa. Abu ɗaya nake yi bayan aiki da gida, shi ne wasan ches, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawakai. Tun ina ɗalibi a Zariya na koye shi, kuma ba yabon kai ba, idan aka fara lissafa masu ƙarfi a Abuja a wancan lokacin, ba za a yi nisa ba a iso kaina. Har wata makaranta mai zaman kanta ta ɗauke ni ina koya wa ɗalibanta wasan ranar Alhamis da yamma, kuma wannan koyarwar ta fi mini aikin ofis daɗi nesa ba kusa ba.

A cikin waɗanda muke bugawa tare akwai mutum ɗaya da ya zame mini ƙarfen ƙafa. Mutumin Filato ne, ma'aikaci a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ya girme ni da 'yan shekaru. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam. Duk Asabar muna haɗuwa a wani lambu cikin gari inda ƙungiyarmu ke shimfiɗa alluna a ƙarƙashin bishiyoyi, mu buga har rana ta yi sanyi. Ya fi ni cin wasa, wannan ba na musu, amma sai ya yi gumi kafin ya ci ni. Idan mun tashi yakan rage mini hanya a tsohuwar motarsa, muna tafe muna gardama a kan takun da ya kamata a yi, sau da yawa har mu wuce inda zan sauka ba mu lura ba. Ya zo sunan 'yata, ni ma na bi shi har ƙauyensu lokacin da mahaifinsa ya rasu. Wannan ne mutumin da nake magana a kansa.

Domin wanda bai san wasan ba, bari in yi ɗan bayani. A yau akwai manhajar da muke kira injin, wadda ko a ƙaramar waya aka saka ta za ta lallasa gwanin gwanayen duniya. Kowane mai wasa da gaske yana amfani da ita a gida, ya duba kurakuransa, ya shirya wa abokin karawarsa tarko, ya haddace. Wannan halas ne, kowa na yi, har shi Oga. Abin da aka haramta shi ne leƙa ta ana tsakiyar wasa. An taɓa kama wani saurayi a wata gasa da waya ɓoye a cikin safa, kuma tun daga ranar zukata suka lalace. Mutum ya yi tari, a kalle shi. Ya sosa kunne, a kalle shi.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai matata. 'Yan watanni kafin nan likita ya ce ina da ciwon suga. Magani bai gama daidaita a jikina ba, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Ban so a fara yi mini kallon tausayi ana tambaya ta ya jiki, don haka na ja bakina na yi shiru.

Ana haka aka shirya babbar gasa a zauren wani otal, 'yan wasa suka zo daga Legas da Fatakwal da Jos. Daga sakamakonta kuma za a zaɓi waɗanda za su wakilci Abuja a gasar ƙasa, abin da na daɗe ina nema ban samu ba. A bakin ƙofa kowa ya miƙa wayarsa aka saka a ambulan aka rubuta suna. Ana kusa da ƙarshe aka haɗa ni da Oga. Na san yadda yake buɗe wasa kamar yadda na san hanyar gidanmu, domin ba ya canzawa, kuma na shafe makonni ina nazarinta da injin a gida. Farkon wasan duk hadda ce na zuba masa. Da muka shiga tsakiya sai abin ya rikice, kowa na neman wuyan sarkin ɗan'uwansa, 'yan kallo suka zagaye teburinmu. Ni kuwa ina ta shan ruwa ina ta fita banɗaki, sau nawa ban ƙirga ba. A fita ta ƙarshe, ina tsaye ina wanke hannu, allon yana cikin kaina kamar yadda yake a kan kowane mai wasa, sai na hango abin da ya ɓace mini ina zaune. Idan na kai hari yanzu, zai tsorata sarkina da doki ya sami sararin tsira. Amma idan na fara matsar da sarkin gefe taku ɗaya, ba shi da ta cewa. Na dawo, na zauna, na matsar da sarki nan take, na danna agogon da ke ƙirga lokacin wasa. Oga ya dafe kai ya yi ta tunani har lokacinsa ya kusa ƙarewa, daga baya ya miƙo hannu ya sallama.

Wallahi wannan ne wasa mafi kyau da na taɓa bugawa a rayuwata, kuma ban yi murnarsa ko na tsawon shan shayi ba. Oga ya gaisa da ni bai kalli idona ba. Ya je ya karɓi wayarsa, ya tsaya a baranda yana shigar da takun wasan a injin, mutane sun yi masa rumfa. Injin ya ba ni maki kusan cikakke, ya kuma nuna cewa matsar da sarkin nan shi ne zaɓinsa na farko. Ina wucewa na ji hirar ta ɗauke ɗif. A ranar Oga bai rage mini hanya ba, a tasi na koma gida.

Washegari na buɗe zaurenmu na WhatsApp na tarar ya saka hoton makin da injin ya ba ni. A ƙasa ya rubuta cewa shi bai ce komai ba, kowa ya duba da idonsa. Shi ke nan fa. Kafin azahar kowa ya zama alƙali. Wani ya ce shi ya ƙirga fitata banɗaki. Wani ya ce ya ga aljihuna ya yi tudu. Wani da bai fi shekara da koyon wasan ba, wanda ni da kaina na nuna masa yadda doki ke tsalle, ya rubuto dogon sharhi cewa ɗan Adam ba ya yin irin wannan takun. Waɗanda suka tsaya mini ba su da yawa, su ma da kaffa-kaffa suke magana, wai a bari a yi bincike. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Me zan ce? In ce ban yi ba? To wane ɓarawo ne ke cewa ya yi?

Aka kafa kwamiti, aka kira ni. Edita, a nan ne na san cewa idan mutane suka riga suka yanke hukunci a zuci, babu amsar da za ta fitar da kai. Suka ce in bayyana dalilin da ya sa na matsar da sarki. Na jera 'ya'yan wasan a kan allo na nuna musu dalla-dalla. Sai ɗayansu ya kalli wayarsa ya ce ai bayanin nan nawa daidai yake da abin da injin ya nuna, kamar wanda ya karanta. Na tambaye shi, da na kasa bayani fa, me za a ce? Alƙalin wasan ya shaida cewa an duba banɗakin tun a ranar, ba a ga komai ba. Wani ya ce ai mai wayo ba zai bar shaida ba. Wato an samu waya laifi, ba a samu ba ma laifi. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa, shugaban kwamitin ya ce ba a kai nan ba. Da aka matsa mini a kan yawan fita, dole na faɗi abin da nake ɓoyewa a gaban mutanen da ba dangin iya ba na baba, har da nuna musu maganin da nake sha. Ina gama magana wani daga cikinsu ya ce shi ma kawunsa na da suga, amma ba ya zarya haka.

Daga ƙarshe suka fitar da sanarwa cewa ba a sami hujja a kaina ba. Ba su ce ban yi ba, cewa suka yi ba a sami hujja ba, kuma duk mai hankali ya san bambancin. Gurbin wakiltar Abuja da na ci da gumina aka ba wani, wai har ƙura ta lafa. Bayan 'yan kwanaki mai makarantar da nake koyarwa ta kira ni ofishinta. Cikin ladabi ta ce wani uba ya turo mata hoton nan, iyaye sun fara magana, in ɗan huta zuwa zango mai zuwa. Zangon ya zo ya wuce, ba a sake kira na ba.

Matata, wadda tun aurenmu take cewa wasan nan ba ya kawo komai sai ciwon kai, ita ce ta fi ni hawa. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda mutum zai zauna yana tura 'yan itatuwa a kan allo a ce ya yi sata ba. Ta ɗauki mayafi za ta tafi gidan Oga ta sami matarsa, da ƙyar na tare ta. Na ce ta bari in je da kaina.

Na same shi a ofis, ya ba ni kujera, har ya aika a kawo mini ruwa. Na tambaye shi ko da gaske ya yarda zan cuce shi. Ya amsa da irin Hausarsa. "Malam, ni ban ce ka yi sata ba. Amma shekara nawa muna buga wasa? Na san hannunka. Wannan taku ba naka ba ne." Na ce, "Oga, ashe ni ba ni da izinin in ƙaru? Kai ma ba da injin kake shiri a gida ba?" Ya ce haka ne, amma shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba. Na tashi na fito. Ina saukowa daga bene na gane abin da ya fi ƙona mini rai. A wurin mutumin nan, ya fi sauƙi a ce abokinsa na shekara da shekaru ɓarawo ne, da a ce na fi shi tunani na rana ɗaya.

Na ƙi daina wasa, don kada a ce na gudu. A gasa ta gaba aka goga mini na'urar bincike a ƙofa har sau biyu, sauran mutane sau ɗaya. Duk lokacin da na miƙe zuwa banɗaki, sai wani jami'i ya bi ni ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, ni da furfura ta fara fito mini. Da wannan zuciyar wa zai iya tunani? Na buga wasa mafi muni, har na bar sarauniyata a bakin doki kamar sabon shiga. Kafin in isa gida an rubuta a zaure cewa to ga shi nan, da aka sa ido ai an ga ainihin ƙarfinsa. Wata biyu bayan haka na natsu na ci wata ƙaramar gasa, sai aka ce ya samo sabuwar dabara. In na faɗi hujja ce, in na ci hujja ce.

Amma ɓarnar da ta fi kowacce a cikin kaina aka yi ta. Wata rana ina wasa da wani ɗan Legas, na hango wani taku mai kyau, irin ɓoyayyen takun nan da ba kowa ke gani ba. Hannuna ya kai, sai na ji wani abu ya ce mini idan ka yi wannan za a ce na injin ne. Na janye hannu, na yi wani taku na kowa da kowa, muka tashi canjaras. Da na koma gida na duba, wanda na bari shi ne mai cin wasan. Na zauna a falo na kasa cin abinci. Shekara ashirin da wani abu ina neman in iya ganin irin wannan takun, yau na gan shi, ina tsoron taɓa shi.

Shekara ta zagayo, sai reshe ya juya da mujiya. A wata gasa Oga ya kara da wani matashi ɗan jami'a da ake ji da shi, ya yi masa cin kaca, har ya sadaukar da sarauniya ya kama sarki. Oga yana da ciwon baya, ba ya iya dogon zama, yakan tashi ya zagaya baranda. Matashin bai ko jira gari ya waye ba, ya saka hoton makin injin a zaure, ya ce tsoho mai wannan shekarun ba zai yi wannan lissafin da kansa ba. Mutanen da suka yi mini caa, su ɗin dai suka koma kansa, da kalmomi iri ɗaya.

Ranar Talata ina cin abincin rana a wata rumfa kusa da wurin aikinmu, sai ga tsohuwar motar nan ta tsaya. Oga ya fito, ya rame. Ya zauna a benci kusa da ni ya ce yana so in yi magana a zaure, domin babu wanda ya san wasansa kamar ni. Ba zan ɓoye maka ba, Edita, na ji wani sanyi a raina. Na ci gaba da cin shinkafata na bar shi yana jira. Ina sauraron kalma ɗaya daga bakinsa, wato yi haƙuri. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, yanzu na san yadda abin yake." Na karɓi wayarsa na bi wasan taku bayan taku. Nasa ne, babu ko tantama. Wannan tarkon na sarauniya ya sha ɗana mini shi a lambu, na san shi kamar yunwar cikina. Na so in ce masa zuciyata ba ta kwanta ba, in mayar masa da maganarsa, amma na kasa, domin na san gaskiya.

Da yamma na rubuta a zaure cewa na shafe shekaru ina wasa da mutumin nan, wannan salonsa ne, kuma makin injin ba shaida ba ne a kan kowa. Ka san amsar farko da aka ba ni? Wai ɓarawo ya zo belin ɓarawo. Wasu suka saka hoton dariya. Shi ma aka kafa masa kwamiti, shi ma aka ce ba a sami hujja ba. Bai iya jurewa kamar ni ba. Ya fita daga zauren, ya daina zuwa lambu, na ji an ce ya kyautar da allonsa. Mutumin da ya fi kowa ƙarfi a cikinmu ke nan. Ni har yanzu ina zuwa jefi-jefi, sugana ya daidaita, amma kafin a fara kowace gasa sai na je na gaya wa alƙali larurata da bakina, kamar mai neman afuwa. Tsakanina da Oga sai saƙon barka da salla da barka da Kirsimeti. Haƙurin nan bai ba ni ba har yau, ni ma na gaji da jira.

Ban ce babu masu maguɗi ba. Akwai su, kuma duk wanda aka kama da waya a hannu a kore shi, ba zan tausaya masa ba. Masu shirya gasa su tsaurara bincike a ƙofa, a yi wa kowa iri ɗaya, a kuma hana a riƙa yanke wa mutum hukunci a zauren hira. Wanda ke da larura kuma kada ya yi irin nawa, ya sanar da alƙali tun kafin a zauna, domin shirun da na yi ya ba masu zargi abin riƙewa. Amma babban kirana ga wanda aka ci ne, ko a ches ko a jarrabawa ko a wurin aiki, yanzu da kowane abin kirki da mutum ya yi sai a ce na'ura ce ta yi masa. Zafin faɗuwa yana da wuyar haɗiyewa, na sani, na sha shi. Idan kana da shaida, kai wa alƙali a asirce. Idan ba ka da komai sai maki a fuskar waya da zuciya mai tafasa, to ajiye wayar, ka je gida ka kwana. Injin zai iya gaya maka takun da ya fi kyau, amma bai ga abin da ya faru a banɗaki ba, kai ma ba ka gani ba. Kuma ka sani, mutanen da za su taya ka jifan ɗan'uwanka yau ba za su watse ba, suna nan zaune da duwatsunsu, suna jiran ranar da kai ma za ka yi abin kirki.